Ranar da Na Cire Kawu daga Korar Shanu

A ƙofar gida ranar akwai maigidana, falken shanu, akwai ƙaninsa mahauci, akwai 'yan kora uku tsofaffin hannu, akwai wani saurayi mutumin Sérou da ya zo neman aiki, akwai Kawu, ƙanin mahaifiyata, sai ni. Matan gida kuma suna leƙe ta ɓular zana.

Bayan da Faransawa suka tafi, maigida yakan tara shanu a Djougou, a kora su da ƙafa har Parakou, a loda su a jirgin ƙasa zuwa kudu. Kawu ne jagaban 'yan kora tun kafin a yi mini aure. Ba shi da gona, ba shi da ɗa. Da sandarsa yake ci, kuma saboda ita ake gaishe shi a kasuwa.

A gidanmu ba a ɗaukar mai tafiya sai an gwada shi. Haka kakata take yi wa masu dakon goro, ni kuma na gada. Mutum zai ɗauki rabin buhun gishiri daga bakin rijiya, ya hauro tudu da gudu har gindin tsamiya. Yana ajiyewa in kama wuyan hannunsa in ji yadda zuciyarsa take bugawa. Sai a ba shi ruwa a ƙwarya. Idan ya shanye, in sake kamawa. Na riga na yi jikoki a lokacin, ba mai cewa komai don na riƙe hannun namiji.

Saurayin ne ya fara. Ya iso tsamiya zuciyarsa tana lugude kamar mata huɗu a turmi ɗaya. Maigida ya sa yatsa shi ma ya ji, ya taɓe baki.

"Wannan ai zuciyar tsuntsu ce. Ya koma gonar doyarsu."

Na ce, "Bari ya sha ruwa tukuna."

Kawu ya ɗaura gishirin a ka yana wa 'yan kora ba'a. Ya hauro, ya jefar da buhun, ya miƙo mini hannu.

"Taɓa ki ji, ɗiyata. Daka ce ta mace ɗaya, ba gaggawa."

Gaskiya ne, ba ta yi saurin ta saurayin ba ko kusa. Maigida ya yi dariya ya ce, "Kun ga namiji! Tsoho ne ya fi ku duka."

Ni ban yi dariya ba. Wannan hannun na riƙe shi kowace kaka tun ina da ɗan fari. A da, idan Kawu ya hauro tudun nan, zuciyarsa takan tashi sama kamar ta kowa, kafin ya aje ƙwarya ta koma ta kwanta. Abin da yawan tafiya yake yi wa zuciya ke nan: ta kwanta da wuri, ta buga a hankali idan mutum yana zaune. Amma inda take iya kaiwa idan an matsa mata, tafiya ba ta ƙara shi. Na lura kowace shekara wurin yana sauka kaɗan, alhali ba wanda ya kai Kawu taka ƙasa tsakanin Djougou da Parakou.

Na koma kan saurayin. Ya shanye ruwansa, zuciyarsa ta riga ta sauka. Na koma kan Kawu. Tasa tana nan inda na bar ta, leɓensa ya yi toka, yana ɓoye numfashi da tari.

Na ce, "Kawu, a sake."

"Me za a sake?"

"Tudun."

Mahaucin ya ce, "Haba Yaya, ki ji tsoron Allah."

Na ce, "Kai ka tsaya kan wuƙarka."

Kawu ya dube ni. Da hannunsa ya yanka wa ɗana na fari ragon suna, shi ya goya ni lokacin da ƙaya ta shige ni ina ƙarama. Ya sunkuya ya ɗauki buhun.

Wannan karon da ƙyar ya iso. Bakinsa a buɗe, gishiri yana zuba a kafaɗarsa. Na kama hannun. Mutum yana neman iska kamar wanda aka shaƙe, amma bugun bai ƙaru ba ko ɗaya. Yadda yake a karon farko, haka yake.

Na ɗaga murya don na bayan zana su ma su ji.

"Maigida, kai ka ce jarumta ce. Ba jarumta ba ce, iyakarta ke nan. Ko wuta aka sa masa a baya ba za ta ƙara ba."

Kawu ya ce, yana yanke magana da numfashi, "Ni da na kai shanu... kafin a haife ki..."

"Tafiya kana iyawa, Kawu, ban hana ka ba. Har Makka za ka je da ƙafa. Gudu nake tambaya. Bara a Tourou, da kamiyo, babbar motar kaya, ya yi oda bijimi ya ɓalle ya faɗa gonar mutane, wa ya iso ƙarshe? Wa aka tarar zaune a kan kunya, manoma sun riga sun sare wa bijimin agara?"

'Yan kora suka sunkuyar da kai. Sun yi tsammanin sun ɓoye maganar. Mai sayar da fura a gar ɗin jirgin ƙasa na Parakou ce ta faɗa wa ƙanwata.

Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Inna, mu za mu riƙa yi masa gudun."

"Ku uku ku yi gudun mutum huɗu, in shanu sun watse a daji ku zo ku ba ni labari?"

Maigida bai tare wa Kawu ba, don shanunsa ne. Kawu ya zauna a kan buhun gishirin. Wata daga cikin matan ta yi dariya a bayan zana, wata ta make ta. Da aka kawo tuwo Kawu bai ci ba, na sa aka ba saurayin.

Washegari bayan sallar asuba na je ƙofar ɗakinsa. Na san halinsa, zai bi su ko ba a kira shi ba. Sandarsa tana jingine, takalmansa na taya suna gefe, har ya shafa musu mai. Na ɗauki sandar na miƙa wa mutumin Sérou. Takalman na shiga da su ɗakina na zauna a kansu, ina jin Kawu yana zagaya tsakar gida yana tambayar matan, har kukan shanu ya ɓace a hanyar Parakou.