Minti Huɗun Baba Audu Maƙeri

Har yau ban manta da ranar da na yanke muryar Baba Audu daga shirin da na yi masa alkawari ba. Ku da kuka shigo aikin rediyo bayanmu nake ba labarin, domin laifin ba na na'ura ba ne, nawa ne.

Lokacin ina mataimakin furodusa. Muna da shiri na minti goma sha biyar duk Lahadi bayan la'asar, kan mutanen da suka yi fice a sana'arsu. Shugabar sashenmu, Hajiya Lami, ta ba ni aikin makon: tarihin wani Bajamushe mai tsara surar kayan masana'anta. Mai wannan sana'a shi ke yanke yadda abu zai kasance kafin a ƙera shi da yawa, wato girmansa, nauyinsa, inda maɓalli zai zauna da inda hannu zai kama. Bajamushen jikan kafinta ne, ya karanci zanen gine-gine, ya kuma shafe shekaru masu yawa a kamfani ɗaya yana tsara rediyo, injin aski da na'urar lissafi. An san shi da ƙin ado. Duk abin da ba shi da aiki a jikin kaya, cire shi yake yi.

Na ga cewa manomin Ikara ba zai zauna wa labarin Bature zalla ba, sai na nemi takwaransa a gida. Masu sayar da garma a kasuwar Makarfi suka tura ni Kudan, wurin Baba Audu maƙeri.

Na same shi ya sa wani manomi ya sunkuya kamar yana huɗa, shi kuma yana duban bayansa da tsawon hannunsa. Sai da ya gama dubawa ya yanke ƙotar garmar. Bayan gaisuwa na kunna rakoda.

"Baba, me ya sa ba ka yi wa ƙota zane kamar sauran maƙera?"

"Zane ai bororo yake jawowa a tafin hannu," in ji shi. "Mai son ado ya je wurin mai ɗinkin hula. Garma ta gari, mutum mantawa yake yi yana riƙe da ita."

Da zan tafi ya tambaye ni yaushe za a sa. A ƙa'idar aikinmu, ba a faɗa wa baƙo rana sai shugaba ya saurari shirin ya sa hannu a takardar amincewa. Na san ƙa'idar. Amma hirar ta yi min daɗi, sai na ce, "Lahadin nan, Baba, ƙarfe huɗu da rabi." Ya sa na maimaita, ɗansa ya rubuta min lambar wayarsa.

Ranar Juma'a Hajiya Lami ta saurari shirin. Rubutun da na karanta da muryata minti goma sha ɗaya, Baba Audu minti huɗu. Ta yaba, sannan ta miƙo min takarda.

"Sanarwar rabon taki ce, dole ta shiga. Ka rage minti huɗu."

"Ranki ya daɗe, daga ina?"

"Kai ka haɗa shirin, kai ka san inda kitsen yake."

Ba ta ce in cire tsohon ba. Da na so, da na tsinci minti huɗun daga cikin rubutuna, jimla nan, jimla can. Sai dai kwana uku na yi ina gyaran rubutun nan, kuma shekarar ce ake duba masu neman ƙarin girma. Cire Baba Audu kuwa yanka ɗaya ne. Har na yi wa kaina huɗuba cewa abin da Bajamushen zai yi ke nan. Lambar ɗansa tana aljihuna tun daga Juma'a har Lahadi, ban kira ba.

Bayan mako biyu aiki ya kai ni Makarfi, na daure na ƙarasa Kudan. Ina sauka daga babur, wani mai faci da ke gefen maƙerar ya ɗaga murya: "Audu Bajamushe, fito, ga mutanenka sun dawo!" Masu zaman benci suka fashe da dariya. Daga bakin mai facin na ji abin da ya faru. Ranar Lahadin an shimfiɗa tabarmi a ƙofar maƙera, mai unguwa ya zo, surukan Baba sun taso tun daga Malikanchi, an kunna rediyo biyu ko da ɗaya zai yi gardama. Aka saurari Bature har ƙarshe. Da sanarwar taki ta shigo, Baba ya ce a dakata, bayanta ne. Bayanta sai kiɗan labarai.

Na tarar da Baba yana dukan ƙarfe, na durƙusa na ce, "Baba, ni na cire. Ba wanda ya sa ni."

Bai daina dukan ƙarfen ba sai da ya mayar da shi wuta. "Mun ji Baturen naka. Ya iya aiki. Shi yana sa sunansa a jikin kayan?"

"A'a, sunan kamfani ake sawa."

"To, ashe ba ni kaɗai ba ne."

Na ce zan nemi izini a sa hirar ita kaɗai, cikakkiya. Ya girgiza kai.

"Bari, ɗan nan. Sau ɗaya dattijo ke tara mutane su ji shi. In na sake cewa su zo, ni da kaina sai in yi wa kaina dariya."

Na bi maganarsa, hirar ba ta taɓa fita ba. Ƙarin girman na samu. Sunan da aka laƙaba masa kuwa ya bi shi, har yara na kiran maƙerar da shi.

Mu a ɗakin tacewa daƙiƙa muke ƙirgawa, muna ganin abin da muka zubar bai taɓa kowa ba. Mutumin ƙauye kuwa da mutuncinsa yake lamunce wa maganar da muka faɗa masa. Saboda haka kada ku ba baƙo rana kafin a sa hannu. In kun riga kun bayar kuma abu ya canja, ku kira kafin a shimfiɗa tabarma. In kuma aka ce ku rage, ku fara da muryarku, domin ku za ku dawo mako mai zuwa, shi kuwa ranarsa ke nan.