Takardun da Baba Ya Ɗauka Bugun Ƙasa Ne

Ina ajin ƙarshe a jami'a na zo hutu Birnin Gwari da takardun aikina cike da jaka. Aikin kuwa, zana 'yar na'ura ce da za ta riƙa ninka lambobi da sauri a cikin kwamfuta, bisa wata tsohuwar dabarar lissafi ta Indiya: a ninka a miƙe, a ninka a gicciye, duk a lokaci ɗaya.

Ni da rashin tattali, na bar su warwatse a kan tabarma na tafi kasuwa. Ina dawowa na tarar Baba ya tattare su ya danne da ƙafa, fuskar nan babu annuri.

"Zo nan, ke. Boko na kai ki ko bugun ƙasa?"

Na dubi takardun da idonsa: gidaje-gidaje kamar hatimi, layuka sun gitta juna, ɗaya da sifiri jere reras. Wallahi ko ni ce sai na zargi kaina. Dariya ta taso mini, amma ta koma da na hango ashana a gefensa. Aikin wata bakwai, kuma ba ni da wani kwafi.

Na durƙusa na rubuta ashirin da uku a ƙasa, sha biyu a ƙarƙashinsa. Uku sau biyu, shida. A gicciye, biyu sau biyu huɗu, uku sau ɗaya uku, a haɗa, bakwai. Biyu sau ɗaya, biyu.

"Ɗari biyu da saba'in da shida, Baba."

Ya sa aka kawo masa kwanon masara, ya shiga jera ƙwaya ashirin da uku-uku har layi goma sha biyu, yana korar kaji da hula. Sannan ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ina tsugune ina bin yatsansa da ido, kamar lissafin zai canja ra'ayi.

Da ya kai ta ƙarshe, ɗari biyu da saba'in da shida cif, sai ya ɗago kai.

"Ashe ba duba ba ne. Ragwanci ne kawai aka kai makaranta."

Ranar da zan koma ya miƙo mini takardun a tasha, naɗe cikin leda biyu saboda ruwan sama. Sai a mota na buɗe. A bayan shafin ƙarshe ya gwada nasa da fensir, layukan a gicciye, kuma daidai ya samu.