Burodin da nake gasawa shi ke cin hanjina

Edita, ka ba ni ɗan fili in amayar da abin da na daɗe ina jin kunyar faɗa.

A shekarun farko bayan samun 'yancin kai, ni saurayi ne ɗan ƙauye daga yammacin Dandume, ƙato, ban san wani abinci ba sai tuwon dawa da kunun gero da fura. Kawuna ne ya samo min aikin kwaɓa fulawa a wani gidan burodi a Funtua. A lokacin burodi abincin 'yan birni ne, ni kuwa na same shi a ɓagas. Da safe burodi da shayi, da rana burodi, wanda ya ƙone ma namu ne, ranar Juma'a kuma in sayi taliya ko funkaso in ce na waye.

Ban daɗe ba cikina ya fara kumbura kamar ganga. Sai gudawa ta biyo baya, kuma ku gafarce ni, ba irin wadda aka sani ba. Abin da ke fita fari-fari ne, mai maiƙo, da wani irin ɗoyi wanda ni kaina sai na toshe hanci. Matar mai gidan da nake haya ta aiko a gaya min in nemi wani masai, don 'ya'yanta sun daina shiga nasu. Na riƙa zagayawa bayan gari kamar mahaukaci. Ina ci ina ramewa, bakina duk gyambo, ga wasu ƙuraje masu ruwa a gwiwar hannu da ɗuwawu, ina susa har jini. Da masu saye suka fara raɗa cewa kuturu ne ke kwaɓa musu burodi, maigidana ya sallame ni, ko hannu bai yarda mun gaisa ba. Iyayen yarinyar da nake nema ma suka ce a dakata tukuna.

Kawu ya ce wannan jifa ne, ya kai ni wurin wani boka kusa da Danja. Har gobe ban manta da abin da ke cikin tukunyarsa ba. Jiƙo ne baƙi ƙirin da ya kwana biyu, kumfa a sama, tsutsotsi na motsi a ciki, ya tace da gefen rigarsa ya miƙo min. Na sha, na yi amai, ya ce ai cutar ce ke fita, ya ƙara ɗebo wani. Daga nan aka mai da ni gida, inna ta ci gaba da ba ni kunu da tuwo. Cikin 'yan watanni na murmure, kowa ya ce aikin boka ne, ni ma na yarda.

Na koma Funtua na kafa teburin shayi kusa da tasha, na koma wa burodina. Ciwon ya dawo fiye da da. Wata rana da hantsi, ina tsakiyar zuba wa direbobi shayi, wani ciwo ya soke ni a saman cibiya har yana fita ta baya, na faɗi, na ɓata wandona a gaban jama'a. Wani direba ne ya shimfiɗa buhu a bayan motarsa ya kai ni asibiti a Malumfashi.

Likita ya sa aka ɗebi jinina, aka kuma ba ni kwalba in kawo bayan gida. Na ratsa layin mutane da ita a ɓoye cikin riga, ina ƙyamar kaina. Da sakamako ya dawo daga Zariya, ya yi min bayani ta bakin tafinta cewa akwai wata tsoka a bayan tumbi mai fitar da ruwan narkar da abinci, kuma ruwan nan ya yi yawa a jinina, ga maiƙon abinci yana wucewa ba tare da hanji ya tsotse ba. Ya ce abubuwa da yawa na iya kawo haka, don haka ya tambaye ni ko ina shan burkutu, me nake ci, kuma yaushe na taɓa samun sauƙi. Da na ambaci zamana a ƙauye, sai ya ce yana zargin alkama, in bar duk abin da aka yi da ita. Na bari, na warke. Ya sa na sake ci don ya tabbatar, cikin ya sake rikicewa. Ya ce hanjina da alkama ba za su taɓa shiri ba har abada. Na koma noma, na kuma auri yarinyar nan.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, kunyar ambaton bayan gida ce ta hana ni zuwa asibiti tun farko, har na gwammace in sha ruɓaɓɓen jiƙo. Duk wanda ya ga yana ci yana ramewa, ciki na kumbura, gudawa ta ƙi tsayawa, ya je a auna jininsa kafin ya fara canza abinci da ka, don ba kowane ciwon ciki ne irin nawa ba. Ka faɗa wa likita komai, har abin da kake ƙyama. Kunyar riƙe kwalba a layi ba ta kai ta faɗuwa cikin ƙazantarka a tsakiyar tasha ba.