Fangali Biyu na Goggo Habsu

Wata Laraba ce cikin sanyin da ya biyo daminar 1984, wadda gero bai ko fidda kai ba a gonakinmu na Matameye. Na taso daga lakkwal, wato makarantar boko, da azahar na biya garka, na tarar dashen tumatirina ya kwanta a karo na uku, kamar zaren da aka jiƙa aka yar. Matan da ke wanki a bakin rijiya suka dube ni, ɗaya ta ce, "Hannun yarinyar nan zafi gare shi, ko taɓarya ta dasa sai ta yi yaushi." Aka yi dariya. Ni kuwa na yarda, domin a lokacin kowa ya san akwai mai hannun shuka, akwai wanda Allah bai ba shi ba.

Shekarar ce gwamnatin soja ta matsa a kan noman rani, aka yayyanka wa gidaje fili a fadama, da sharaɗin wanda bai raya nasa ba a miƙa wa wani, ga kuma masu jira da yawa. Baba yana Kano ci-rani, Inna tana jego, rumbu babu komai sai jar dawar taimako da muke tuƙawa sau ɗaya a wuni. Ni ce babba, shekarata sha ɗaya. Mai unguwa ya riga ya aiko cewa in kasuwa biyu ta ci garkarmu ba ta yi kore ba, zai ba maƙwabta.

Goggo Habsu, yayar Baba da ta zo daga Dungu taya Inna zama, ba ta lallashe ni ba. Washegari ta bi ni, ta zauna gindin giginya tana jan carbi tana kallon yadda nake aiki. Ta ga da tsakar rana nake ban ruwa, in kwarara guga guda a kan dashe kamar mai shayar da awaki, in ruga wajen ƴar carafke. Da ta gama kallo sai ta tashi. Ta roƙo mana sabon iri, ta sa na ja fangali biyu, na dasa duka da hannuna. Na farko ta ce in ci gaba da yi masa yadda na saba. Na biyu kuwa sai bayan sallar asuba da kuma la'asar sakaliya, da gwangwanin da ta huhhuda da ƙusa don ruwan ya sauka kamar yayyafi, mu yi masa inuwa da karan geron nan da ya ƙi haihuwa.

Tashin asuba cikin sanyin nan ya fi komai yi mini wuya, sau biyu ina kuka a hanya. Bayan kwana tara fangali na farko ya ƙone, na biyu ya miƙe tsaf. Goggo ta kama hannuwana ta juya su, ta ce, "To Rabi, nuna mini wanne ne mai zafin a cikinsu." Garkar ba ta bar gidanmu ba, tumatir ɗinta muka yi ta miya da shi har Baba ya dawo. Daga baya da lissafi ya gagare ni, mushenmu, wato malaminmu, ya ce kaina ba na kalkil ba ne, haka na yi wa lissafin: kaɗan-kaɗan kowace asuba, har Allah ya kai ni kolej.

Yau injin hasken rana ke jawo ruwa a fadamar, yara ba su san nauyin guga ba, kuma na gode wa Allah da sauƙin. Sai dai duk ranar da autata ta ture littafi ta ce ita ba ta da kai, nakan ji kewar tsohuwar nan da gwangwaninta. In kama hannuwan yarinyar in juya, in yi wa Goggo addu'a a zuci. Allah ya kai haske kabarinta, ita ta hana ni tsoron hannuna.