Kujerar Surukata a Bayan Babur

Shekarata ta biyu da aure na sayi babur, ina koyarwa a wata firamaren mishan kusa da Fadan Kaje. Na ɗauki buhun citta a kansa, na ɗauki akuya, na ɗauki fasto da akwatinsa. Surukata ce kaɗai ta gagare ni.

Fartanya ce ta sare ta a ƙwauri tana aikin gona. Ta ɗaure da ganye ta ci gaba da harkarta, har ciwon ya zama gyambo, ƙafar ta kumbura ta fara wari. Mai ba da magani na ƙauyen ya duba ya girgiza kai. Ya ce a kai ta asibitin Kafanchan cikin satin nan, in ba haka ba yanke ƙafar za a yi. Damina ta cinye hanya, motar da ke shigowa ranar kasuwa ta daina zuwa. Mijinta ya daɗe da rasuwa, matata kuma tana da tsohon ciki. Saura ni da babur.

To amma a gidansu mace ba ta taɓa jikin mijin 'yarta, ko hannu ba mu taɓa gaisawa ba. Ni daga wajen Kachia na fito, yarenmu daban, da Hausa muke magana. Da ta hau, can ƙarshen sirdi ta rakuɓe, ta ɗora hannuwa a cinya kamar tana coci.

Na ce, "Mama, ko rigata ce ki riƙe."

Ta ce, "Malam, tafi kawai. Ubangiji zai riƙe ni."

Ba mu wuce rafin bayan gari ba. Tayar baya ta hau dutse, sai na ji babur ya yi sakayau. Ina waiwayawa na gan ta zaune cikin ciyawa tana gyara ɗankwali. Allah ya kiyaye ba ta ƙara rauni ba, amma ta ce ita da babur har abada, gara a yanke ƙafar. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ga mutum zai rasa ƙafa saboda kunya, ni kuma ba ni da bakin yi mata faɗa.

Washegari da sassafe na nufi Kafanchan ni kaɗai, wurin wani mai walda a bayan tashar jirgi. Mutumin Gabas ne, ya yi aikin ƙarfe a reluwe kafin yaƙin basasa, da ya dawo ya buɗe rumfarsa. Na ba shi labari, ya yi dariya har da hawaye, sannan ya jawo wani tsohon bututun famfo. Ya lanƙwasa shi kamar bayan kujera, ya liƙa masa mariƙi biyu, dama da hagu, ya ɗaura katako da soso a tsakiya domin jingina. Ya kwance notunan sirdi ya kafa shi, ya ce in hau mu gwada.

Na hau, shi ma ya hau baya. Tumbinsa na ji manne da bayana.

Na ce, "Oga, wannan ai na mata da miji ka yi. Ja shi baya."

Ya ce, "Ticha, in Mama ya koma baya sosai, gaba zai tashi sama. Kai da shi duka za ku faɗi."

Muka yi ta ja-in-ja har rana ta take. Shi yana tsoron nauyi, ni na san in babu fili a tsakaninmu ba za ta hau ba, aikin ya tashi a banza. Daga ƙarshe muka daidaita a kan taƙi ɗaya da yatsa uku. Ya huda sababbin ramuka a ƙarfen ɗaukar kaya na baya, ya ƙara katako ya tsawaita wurin zama, ya sa wa kowace kusa noti bibbiyu. Ya cika wata tsohuwar jaka da yashi ya ɗaure min a kan tanki don gaba ya yi nauyi. Ya kama ƙarfen ya jijjiga da dukkan ƙarfinsa, babur ne ya motsa, ƙarfen ko gezau. Sai ya miƙo min sifana ya ce in tsaya a rabin hanya in ƙara ɗaure notunan.

Da na isa gida surukata ta dogara sanda ta fito. Ta zagaya babur, ta danna soson da yatsa, ta daɗe tana kallon filin da aka bari. Ni da matata muka tsaya gefe muna kallonta.

Can ta ce, "Wannan kujera ne." Ta juya ga 'yarta ta ce ta kawo mata zanen fita.

Ban taɓa tuƙi a hankali irin na ranar ba. Da muka zo rafin nan na sauke ƙafafuna biyu ina jan ƙasa, ba halin in waiwaya. Muna haurawa na jiyo ta tana rera waƙar coci ƙasa-ƙasa da yarensu, na san tana nan. A rabin hanya na tsaya na ƙara ɗaure notunan, tana zaune daram riƙe da ƙarfenta, ta kau da kai tana kallon duwatsu.

A asibiti suka shiga da ita, aka bar ni a baranda. Na zauna, na tashi, na sake zama. Bayan kamar awa biyu wata nas ta fito ta ce ina mai tsohuwa. Ta ce an wanke ciwon, bai kai ƙashi ba, ba za a yanke ba, amma za su riƙe ta kwana goma ana yi mata allura. Na zauna a ƙasa daɓas, ban damu da farin wandona ba. Na gode wa Allah da ƙarfi har mutane suka waiwayo.

Nas ɗin ta yi murmushi ta ce akwai saƙo. Kwana uku ke nan ko kunu tsohuwar ba ta iya haɗiyewa.

"Ta ce a gaya wa Malam yunwa take ji, ya nemo mata ƙosai mai zafi."