Abin da Aljihu Bai Ɗauka Ba

Rigar aikin da aka ba mu da muka gama makarantar ungozoma aljihu ɗaya gare ta, a ƙirji, shi ma biro da agogo kawai yake ci. Wanda ya yanka ta bai taɓa shiga ɗakin mai naƙuda ba, ko rantsuwa na yi ba kaffara. Da ita aka tura ni ƙaramin asibitin Bukkuyum a farkon shekarun tamanin, aka haɗa ni da akwatin ƙarfe mai ɗauke da kayan karɓar haihuwa, aka ce duk gidan da aka kira ni in tafi da shi.

Ban daɗe ba na gane akwatin nan shi ne babban abokin gabata. Da an hango shi a kaina, gari ya ɗauka cewa haihuwa ta gagara a gidan wane. Mace kuwa a wurinmu darajarta ta durƙusa ita kaɗai, ta haihu ba a ji ko tarinta ba, balle haihuwar fari. Sai aka daina kirana har abu ya lalace. Na yi fushi, na yi faɗa, na ce da tsofaffi kunyarsu za ta ƙarar da 'ya'yansu. Suka saurare ni da ladabi, suka ba ni fura, suka ci gaba da abinsu.

Innata ce ta samo mafita da na je hutu Gummi ina ƙorafi. Ta karɓi rigar ta juya cikinta, ta yanko farin akoko ta ɗinka mini manyan aljihuna daga ƙugu zuwa gwiwa, kowane da maɓallinsa. "To ga shi," in ji ta, "ki aje akwatinki, ki yahwa mayahi ki shiga awa mai zuwa barka." Tun daga ranar almakashi da zaren ɗaure cibi suna aljihun dama, auduga da safar hannu suna hagu, sirinji da allurar tsai da jini kuma a wanda ya fi kusa da jikina don kada kwalbar ta fashe. In ina tafiya sai ka ce jakin 'yan koli, amma mayafi ya rufa asiri. Ƙofofin da suka rufe suka fara buɗewa, kuma ina alfahari da rigar nan har yau.

Wata rana da damina, maza duk sun tafi gona, wata dattijuwa ta tsaya a bakin asibiti. Ba ta shigo ba. Muka gaisa har gaisuwa ta ƙare, tana kallon ƙasa, sannan ta ce, "Malama, wance ce ba ta jin daɗi."

"Wace wance, Inna?"

"Yarinyag ga ta gidanmu."

Nan na gane 'yarta ta fari take nufi, wadda ta dawo gida goyon ciki. Uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ya dame ta. Wannan tun daga zanen goyo kakarta ta ɗauke ta, da ita da uwar sai gaisuwa daga nesa kamar surukai. Tahowar da matar nan ta yi da ƙafarta ma babban abu ne. Na kai hannu ga akwati, ta yi maza ta ce, "Don Allah bar shi nan." Na bar shi, na yafa mayafi muka tafi.

Na tarar ta riga ta haihu tun hantsi, namiji, yana ta tsala kuka a hannun tsohuwar ungozoma. Mabiyiya ta faɗo, amma jini bai tsaya ba. An zuba toka an share, an sake zubawa, ita kuma mai jegon tana jingine da bango, ta cije bakin zane don kada a ji nishinta. Da ta gan ni har ƙoƙarin gyara zama ta yi ta gaishe ni. Leɓenta ya yi fari fat.

Na kwantar da ita, na zaro allura na yi mata, na dafe mararta ina murzawa. Auduga ta ƙare, na koma tsummokara. Abin da take buƙata ƙarin ruwa ne, kuma a lokacin ruwan a cikin manyan kwalabe yake zuwa, babu aljihun da zai ɗauke su. Suna can cikin akwati. Ni ba halin in ɗaga hannuna, ungozoma kuwa da sanda take tafiya.

Uwar tana tsaye a bakin ƙofa ta waje, ta juya mana baya, wai tana tsince dawa. Raina ya ɓaci, na ɗaga murya na ce, "Inna, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. In akwatin can bai zo yanzu ba, 'yarki za ta mutu a hannuna."

Faifan dawar ya faɗi daga hannunta. Ban ga fitarta ba. Daga baya mai gadin asibiti ya ba ni labarin yadda ta faɗo masa ba sallama, ta ɗora akwatin a ka, ta ratso ta gaban masallaci ana alwalar azahar, kallabinta ya zame ba ta tsaya ɗauka ba. Duk wanda ya tambaye ta lafiya, sai ta ce, "Ɗiyata ce! Ɗiyata ce za ta mutu!"

Na samu jijiya da ƙyar, muka rataye kwalba a jikin azara. Ruwa ya shiga, ta ɗan buɗe ido. Amma na san jini take so, jinin kuwa sai babban asibiti, ga hanyar Anka ruwa ya cinye, ba motar da za ta fita a ranar. Na sa kwalba ta biyu ina addu'a, ina jin bugun hannunta yana yin nisa. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba.

Uwar ba ta koma waje ba. Ta zauna a cikin jinin nan, ta ɗauki kan 'yarta ta ɗora a cinya, tana shafa mata goshi, ungozoma tana kallo, maƙwabta sun cika tsakar gida. Sai ta sunkuya ta kira ta da sunanta na yanka, a hankali, bakin yana rawa don bai saba ba.

Yarinyar ta ɗago ido ta dube ta, ta daɗe tana dubanta. Ta ce, "Na'am, Inna."

Ta sake kira, ta sake amsawa. Haka suka yi ta yi, muryar tana raguwa, har aka kira la'asar. A kira na ƙarshe ba ta amsa ba, uwar kuma ba ta daina ba.