Injin Cacan da Ba Mu Ja Hannunsa Ba

Ban taɓa mantawa da Talatar nan ta Lyon ba, kuma ko na so in manta, tabon da ke wuyan hannuna na dama ba zai bar ni ba. Ku sababbin shiga kuna ganinsa in na naɗe hannun riga, har wani cikinku ya tambaye ni ko wuta ce. Ba wuta ba ce, igiya ce. Yau zan ba ku labarinta, don ku san abin da ya sa nake takura muku a kan abin da kuke ɗauka wasa ne.

Ga wanda bai san aikinmu ba, kamfaninmu ƙarami ne, a Saint-Denis kusa da Paris yake, kuma abin da muke yi shi ne ɗauko tsofaffin kayan da mutane suka saya a gwanjon intanet. Mutum yana zaune a falonsa a Paris zai ga hoton kaya a waya, ya yi ta ƙara farashi har ya kayar da sauran masu tayi. Bai taɓa ganin kayan da idonsa ba, bai san nauyinsa ba, bai san a hawa na nawa yake ba. Mu ne masu sanin wannan, da bayanmu. Cikin masu ba mu aiki akwai masu tara tsofaffin injinan caca, irin na ƙarfen nan masu hannu ɗaya a gefe. Ana jefa kwabo a ja hannun, faya-fayai uku su juya, in zanen jikinsu ya zo iri ɗaya injin ya zubo abin da ya tara. Masu tara su ba caca suke yi da su ba, jera su suke yi a ɗaki suna gogewa. Na taɓa ganin dattijo da furfurarsa yana yi wa ɗaya magana kamar jikarsa.

Ni daga Maraɗi na zo ƙasar nan karatu. Na kama aikin don in samu na haya, karatu ya ƙare, aikin bai ƙare ba. A lokacin ni direba ne kuma mai taya ɗauka. Shugaban ayarinmu Malam Isufu ne, mutumin Tawa, ya girme ni nesa ba kusa ba, kuma shi ya koya mini duk abin da nake koya muku. Na ukunmu wani Bafaranshe ne mai suna Thierry, mai yawan dariya da yawan taba.

Ƙa'idar ɗaukar injin caca a fili take. In akwai makullin ƙofar bayan injin, a buɗe, a zare kayan cikin, a kwashe duk abin da ke ciki, a sauko da kowane daban. In makullin ya ɓata, kuma yawanci ya ɓata, to sai a jefa jeto, wato kwabon wasa da ba ya sayen komai, a ja hannun har ƙasa, a kasa kunne har injin ya gama zagayensa ya yi shiru. Dalili kuwa, man da ke cikin tsohon inji yakan bushe ya daskare, inji ya tsaya a tsakiyar wasa shekara da shekaru, 'yar ƙofar rumbun jetonsa a sake, datti kawai ke riƙe da ita. Jan hannun shi ke mayar da komai mazauninsa ya rufe ƙofar. Daga nan sai a ɗaure hannun, a toshe bakin, a ɗauka.

Wannan jan hannun Thierry ne yake yi kullum. Ba wanda ya ba shi aikin. In an zo wurin sai Malam ya tuna akwai abin da zai duba a mota, ni kuma in shiga neman igiyar da ke hannuna. Thierry ya ɗauka mun bar masa ne don yana jin daɗin abin, patron ɗinmu kuwa, matar da ke da kamfanin, ba ta ma san haka muke yi ba. Sau ɗaya Malam ya taɓa faɗa mini a mota.

"Lawali, ɗaukar abin nan lalura ce, nan abincinmu yake. Amma in jehwa kwabo in ja hannu da kaina, wannan ban iyawa. Caca caca ce, ko da wasa."

Ni ma haka zuciyata take, sai na bi bayansa. Amma ba mu taɓa buɗe baki mun faɗa a ofis ba. Kunya muke ji, da tsoron kada a ce ga baƙin nan sun zo da fitina.

Ranar Talatar, cikin sanyin Nuwamba, Thierry ya kwana da zazzaɓi. Patron ta dube mu ta ce, "Inji ɗaya ne. Ku biyu kun isa?" Malam ya ce mun isa. Na dube shi, shi kuma ya dubi makullin mota.

Wanda ya sayi injin wani likitan haƙori ne da ya yi ritaya. Muna kan hanya ya kira, ya ce ya ji babu makulli, to kada mu kuskura mu huda kwaɗon, kwaɗon asali shi ne rabin darajar injin. Malam ya ce ya ji.

Gidan yana kan tudun Croix-Rousse a birnin Lyon, irin tsofaffin gidajen masaƙa masu dogon rufi. Babu asansar, wato na'urar hawa bene. Matakalar ta dutse ce, ƙafafun mutane sun cinye tsakiyarta har tana sheƙi, ga ta siririya, a kowane hawa tana yin kwana. Wata tsohuwa ce ta buɗe mana, 'yar ƙarama da ita, sanye da rigar ulu. Injin na mijinta ne da ya rasu, 'ya'yanta suka sa shi a gwanjo. Yana tsaye a kusurwa bisa gindinsa na ƙarfe, kuma an ɗaure shi da gindin ta ciki, ba ya rabuwa sai an buɗe ƙofar baya. Nauyinsa ya fi na ƙato biyu.

Tsohuwar ta ɗauko jeto ɗaya daga wani ɗan faranti ta miƙa wa Malam. Ta ce, "Ba za ku gwada shi ba?"

"Ba sai mun gwada ba, Madam," in ji Malam, ya mayar da hannuwansa baya.

Ta miƙo mini. Na yi kamar ban gani ba. Gilashin da ake hango rumbun jeton ta cikinsa ya yi baƙi da datti, ba a ganin komai. Malam ya ɗan girgiza injin, bai ji motsi ba, ya ce mini da Hausa, "Babu komi cikinai." Muka ɗaure hannun, muka liƙe bakin da kwali, muka kwantar da injin a kan katakon jan kaya, muka ɗaure shi tam. Malam ya shiga gaba, wato ƙasa, don mai gaba shi ke tuƙi. Ni ina sama da igiya, ina saki kaɗan-kaɗan.

Hawan farko mun sauka lafiya. A na biyu gindin katakon ya ɗan bugi bakin dutse, bugun da bai kai a kula da shi ba. Sai na ji wani abu ya yi ƙas a cikin injin, faya-fayan suka motsa, kwalin da muka liƙa ya yage, jeto suka kwararo. Ban san inji na iya cin jeto da yawa haka ba. Suka bazu kan matakala suna gangarawa suna tsalle, ƙararsu ta cika gidan. Malam ya ɗaga ƙafa zai ja baya ya sauke ta a kansu.

Na ga ya tafi ta baya. Na ji ƙarar ƙashi. Injin ya zabura, igiyar ta fizge ni na faɗi kan gwiwa, ta zube daga tafina, ban san lokacin da na naɗe ta a wuyan hannuna ba. Ƙafata ta hagu ta samu sandar ƙarfen dafawa ta tokare. Komai ya tsaya. Da na leƙa ta gefen injin sai na ga Malam kwance a kwanar matakala, kansa jikin bango, ƙafarsa ta dama ta juya ta inda ƙafa ba ta juyawa. Gindin ƙarfen yana reto a saman ƙirjinsa, tsakaninsu bai fi kamu ɗaya ba. Babu abin da ya raba shi da injin sai hannuna.

Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba, kuma ba na fatan in sake ji. Na yi ihu da Faransanci, na yi da Hausa. Rana ce tsaka, mutanen gidan duk sun tafi aiki. Malam ya yi ƙoƙarin jan jikinsa, amma duk inda ya dafa jeto ne, hannun sai ya zame. Duk zamewar da ya yi sai na ji kamar ni ne na zame. Igiyar tana cin fatata, yatsuna suka daina jin komai, sandar da na tokare na ji tana ɗan motsi a raminta. Waya ta shiga kuka a aljihuna. Daga baya na ga likitan haƙorin ne, yana son ya ji ko fentin bai goge ba.

"Lawali," in ji Malam, muryarsa ƙasa-ƙasa. "In ka gaji ka sake. Na yahe maka."

"Malam, don Allah ka yi shiru."

"Ka hwaɗa ma uwar Hadiza..."

"Ban hwaɗa mata komi. Kai za ka hwaɗa mata da bakinka."

Ya bar ni ya kama kalmar shahada. Ni kuwa hawaye da gumi sun rufe mini ido, ina jin igiyar tana tafiya kaɗan-kaɗan da fatar hannuna. Na san ba zan daɗe ba. Abin da ke raina shi ne yadda zan shiga gidansa a unguwar Goutte d'Or ta Paris, inda nake cin tuwo duk Juma'a, in ce wa matarsa da 'yarsa ni na saki.

Sai na ji tafiyar silifa a bayana. Tsohuwar ce, riƙe da ɗan buroshin shara. Ta dubi ɗan wurin da ya rage tsakanin injin da bango, wurin da ni ko ku ba za mu shiga ba, ta karkace ta bi ta nan. Na ce mata ta koma, abin zai faɗo mata. Ko juyowa ba ta yi ba. Yanzu mutum biyu ke ƙarƙashin hannuna.

Ta durƙusa ta shiga share jeton daga ƙarƙashin hannuwan Malam da bayansa, a natse, kamar tana share ɗakin girkinta. Da dutsen ya fito fili ta kama wuyan rigarsa tana ja, shi yana turawa da gwiwar hannu yana nishi. Na ga kansa ya ɓace bayan kwanar, sai kafaɗunsa, sai ƙafar da ta karye tana binsa. Can na ji muryar tsohuwar ta ce in saki.

Sakin ma bai zo da sauƙi ba, don igiyar ta riga ta shige cikin nama. Na juya hannun sau biyu, ta warware ta tafi da abin da ta tafi da shi. Injin ya faɗa daidai inda ƙirjin Malam yake ɗazu. Dutsen wurin ya tsage, ƙarfen fuskar injin ya rabu biyu.

'Yan kwana-kwana ne suka sauko da Malam a kan makara irin ta asibiti. Patron ta biyo jirgin ƙasa ta same mu a asibiti da yamma. Bayan ta ji bayanin likita ta tambaye mu abin da na san za ta tambaya.

"An ja hannun kafin a ɗauka?"

Na sunkuyar da kai. Malam ya ce ba a ja ba, ya faɗa mata dalili, ya kuma faɗa mata cewa tun da muka fara aiki Thierry ne ke ja. Na zaci kora ce za ta biyo baya. Sai ta ce, "Da kun faɗa mini da safe, da na ɗaga aikin har Thierry ya warke. Injin da ya yi shekaru a kusurwa, ina zai je?"

Wannan maganar ta fi mini igiyar zafi. Likitan haƙorin kuwa, da aka faɗa masa, injin ya fara tambaya, sannan ya ji kunya ya tambayi Malam. Ban riƙe shi a rai ba. Mai sayen kaya a hoto, hoton kawai ya sani.

Ga abin da na koya, kuma shi nake so ku tafi da shi. Kowane mataki a aikin nan, komai kama da wasan da ya yi, wani ne ya ji ciwo kafin a sa shi. In kuma akwai abin da ba za ka iya yi ba, don addininka ko don tsoro ko don bayanka na ciwo, ba laifi ba ne, amma ka faɗa da bakinka tun a ofis, kafin a tayar da mota. Mu mun ɓoye namu don kunya, kuma kunyar ba ta riƙe mana igiya ba.

Ƙafar Malam Isufu ba ta koma daidai ba. Ba ya hawa bene da kaya yanzu, yana ɗakin gyara a nan bayanmu, shi ne dattijon da kuke jin takalminsa na jan ƙasa da safe. Ban san da wa ya yi shawara ba, ban kuma tambaye shi ba, amma tun da ya dawo aiki, duk injin da ya shigo ko zai fita, shi ke jefa jeton ya ja hannun, ba ya barin kowa. In kun lura, yana kama hannun sai ya juya fuskarsa bango. Yana sauraron injin har ya yi shiru, amma bai taɓa duban abin da faya-fayan suka nuna ba.